Amsa ga mai tambaya a kan shan niyasin don rage kolesterol

'Yar'uwa, sannu da fama. Kin ce an gwada jininki an ga kolesterol ya hau, likita ya rubuta miki sitatin, maganin rage kolesterol, ke kuma kina ɗari-ɗari da shi saboda labarin ciwon jiki da kike ji a kansa, sai wata ta ce miki ki nemi niyasin tunda bitamin ne kawai. Kin kuma tambaya ko akwai wanda ya taɓa sha. Ni na sha, na daɗe ina sha ma, a hannun likita, kafin daga baya ya tsayar mini da shi. Ni ba likita ba ne, majinyaci ne mai yawan tambaya.

Gaskiya ne niyasin bitamin ne, shi ake ce wa B3. Sai dai abin da jiki ke buƙata a rana bai wuce miligiram 14 ga mace ba, 16 ga namiji, kuma abinci yana kawo wannan ba tare da mutum ya sani ba. Wanda zai motsa kolesterol kuwa sai ya kai miligiram 1,000 zuwa 2,000 a kullum. Ki lissafa da kanki, ninki sittin ke nan zuwa sama da ɗari. Idan abu ya kai wannan yawa ya tashi daga bitamin ya koma magani mai ƙarfi, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Samunsa a saya ba tare da takardar likita ba bai rage masa ƙarfi da komai ba.

Dalilin da aka ba ni shi, maiƙon jinin nan da ake kira tirigiliserid ya yi mini yawa, HDL kuma, wanda ake ce wa kolesterol mai kyau, ya yi ƙasa. A lokacin likitoci suna ji da niyasin, don babu maganin da ya kai shi ɗaga HDL. Yakan ɗaga shi da kashi 15 zuwa 35 cikin 100, ya sauke tirigiliserid da kashi 20 zuwa 50, LDL kuma, wanda shi ne mai toshe jijiyoyi, ya rage shi da ɗan abin da bai kai na sitatin ba. An fara mini da miligiram 500 na mai narkewa a hankali, irin su Niaspan, da dare lokacin kwanciya, ana ƙara 500 bayan kowane mako huɗu.

Abin da duk mai sha zai fara ba ki labari shi ne zafin jiki. Ana cikin barci sai ki ji fuska da wuya da ƙirji sun ɗau zafi kamar an shafa miki barkono, ga ƙaiƙayi mai tsikari da ke gangarowa har hannaye. Masu hasken fata sukan yi jajur. Ni da nake baƙi ba a ganin komai a fuskata, har maiɗakina takan kunna fitila ta duba ta ce ita ba ta ga komai ba, alhali ni ina zaune a bakin gado ina fifita. Maganin ne ke sa fata ta saki wani sinadari mai buɗe ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa wani lokaci har jiri ke biyo baya idan aka miƙe da sauri. Yakan lafa cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, kuma jiki yana sabawa bayan 'yan makonni. Abin da ya sauƙaƙa mini: shan sa bayan na ɗan ci wani abu mara maiƙo, da nisantar abin sha mai zafi, abinci mai yaji da wanka da ruwan zafi kusa da lokacin. Giya tana tsananta shi, kuma tana ƙara wa hanta wahala. Likita ya ce in riƙa shan asfirin rabin awa kafin maganin, ya kuwa yi aiki, amma kada ki ɗauki wannan daga bakina, don asfirin yana da nasa haɗarin na zubar jini. Wani abu kuma, wanda ya yi kwanaki bai sha ba, ba ya komawa kan adadin da ya tsaya. Daga ƙasa ake sake farawa.

To amma zafin nan shi ne mai sauƙin, tunda ana jin sa. Waɗanda ba a ji su ne abin tsoro. Niyasin yana iya taɓa hanta, musamman nau'in da ake sayarwa a matsayin ƙarin abinci da rubutun cewa yana daɗewa yana aiki a jiki. An samu waɗanda hantarsu ta lalace don kawai sun sauya daga wani nau'i zuwa wani a kan adadi ɗaya, suna ganin ai miligiram miligiram ne. Yana ɗaga suga. Yana ɗaga yurik asid, mai kawo ciwon gaɓar nan da ke kumbura babban yatsan ƙafa. Yana tayar da gyambon ciki. Shi ya sa kafin a fara sai an gwada hanta da suga da yurik asid, a riƙa maimaitawa duk bayan 'yan watanni. Ni suga ne ya riƙa hawa mini sannu a hankali, ban ji komai a jikina ba, takardar gwaji ce ta tona. Mai ciwon hanta ko gyambon ciki da ke kan ganiyarsa ba a ba shi ma sam. Mai ciwon suga, sai da sa ido sosai. Wanda ke sha kuma ya ga idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga tashin zuciya da kasala, ko gani ya fara dishi-dishi, ya dakata ya nufi asibiti a ranar.

Za ki ga wasu kwalabe an rubuta cewa nasu ba ya sa zafin jiki. Gaskiya suka faɗa, ba ya sawa, amma kuma bai cika taɓa kolesterol ba. Haka nikotinamaid, shi ma B3 ne, yana maganin ƙarancin bitamin, amma ba ruwansa da maiƙon jini.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki karanta da kyau. Tun 1955 wani masani a Kanada, Rudolf Altschul, da abokan aikinsa suka gano niyasin yana rage kolesterol, kuma wani babban gwaji da aka yi a Amurka daga 1966 zuwa 1975 ya nuna ya rage bugun zuciya a mazan da suka taɓa yi. Amma wancan zamani ne da babu sitatin. Da sitatin ya zo, sai tambaya ta koma: idan an ƙara niyasin a kansa, ana samun ƙarin kariya? An yi gwajin AIM-HIGH da mutum 3,414, aka tsayar da shi a 2011 tun wa'adinsa bai cika ba, don HDL ya hau amma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba. Sai HPS2-THRIVE, wanda aka yi da mutum 25,673 a Birtaniya da Sin da ƙasashen arewacin Turai, aka buga sakamakonsa a 2014. Nan ma babu riba, sai ƙarin ciwon suga, zubar jini, cututtuka masu kama jiki da ciwon tsoka. An janye maganin da aka gwada, Tredaptive, daga kasuwa a 2013, sannan a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta janye amincewarta da haɗa niyasin da sitatin.

A wannan tsakanin ne likitana ya tsayar mini da shi. Na yi masa gardama, don alƙalumana sun yi kyau, HDL ya hau yadda ake so. Sai ya tambaye ni, takardar nake so ta yi kyau ko jijiyoyin? Ya bar ni da sitatin, daga baya ya ƙara mini ezetimayib, wani maganin rage kolesterol, da LDL ya ƙi sauka inda yake so. Suga ya koma daidai bayan an daina.

Ban ce niyasin ba shi da sauran amfani ba. Har yanzu wasu likitoci suna ba wanda tirigiliserid ɗinsa ya yi mugun yawa, irin wanda ya haura 500 ake tsoron ya kumbura masa fankiriyas, sashen cikin da ke fitar da insulin, idan sauran magunguna ba su wadatar ba, ko wanda aka gwada masa komai jikinsa ya ƙi. 'Yan kaɗan ne waɗannan, kuma daga bayaninki ban ga alamar kina cikinsu ba, tunda ko fara sitatin ɗin ba ki yi ba.

Shi kuma tsoron sitatin, ban raina shi ba, akwai waɗanda tsokarsu ke ciwo da gaske. Amma an yi wani ƙaramin gwaji a Landan, SAMSON, aka buga a 2020, da mutum 60 da suka bar sitatin saboda illa. Aka riƙa ba su wata na magani, wata na ƙwayar da babu komai a ciki, ba su san wanne ne wanne ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da suka ji da maganin, sun ji shi da ƙwayar banza. Rabinsu sun koma shan maganin. Ko da kin sha bai karɓe ki ba, ana rage adadi, ana sauya wani iri, atobastatin daban rosubastatin daban, ga kuma ezetimayib.

Idan za ki koma wurin likitan, ki riƙe takardar gwajin gaba ɗaya, don kalmar "ya hau" ba ta isa ba, sai an ga LDL nawa, tirigiliserid nawa, ga shekarunki da hawan jini da suga. Ki faɗa masa tsoronki kai tsaye, ki kuma nuna masa duk wani ƙarin abinci da kike sha. Idan kina da ciki, ko kina nema, ko kina shayarwa, wannan ne abu na farko da za ki faɗa, don a nan ana yawan dakatar da sitatin ɗin, kuma niyasin mai yawa ba ya maye gurbinsa. In kuwa kin riga kin sayi kwalbar kin fara sha, ki tafi da ita hannunki ya karanta nau'in da adadin, a gwada miki hanta. Allah ya ƙara lafiya.