Yara biyu, sifana ɗaya

Jiya da yamma muna tattara kaya ka tare ni, ka ce, "Maigida, yaran nan biyu da ka haɗa ni da su sun ishe ni. Ɗaya bakinsa ba ya hutawa, kafin in ce a ɗauko sifana ya riga ya kwance noti uku. Ɗayan kuwa in na tambaye shi abu sai ya tsaya yana kallona, ba ya taɓa komai sai an ce taɓa, da safe kuma kamar marar laka. Anya na biyun nan zai iya aikin gareji?" Na ce ka bari sai yau, don amsar ba ta tsaye ba ce.

Zai iya, yarona. Ni a ganina ma mai surutun ne ya fi buƙatar idonka.

Ka tuna ranar da aka kawo motar nan mai kakkarwa in an tsaya? Mai surutun ya ce fulogi ne, can ya ce man ne ba shi da kyau, can kuma ya ce a duba tace iska, duk kafin a gama ɗaga bonet. Ba shirme yake yi ba, haka tunaninsa yake tafiya, sai ya ji maganar a kunnensa sannan ya san ko ta zauna. Kuskurenka shi ne ɗaukar maganarsa ta farko a matsayin hukunci. Ka bar shi ya zazzage, sannan ka ce, "To, a cikin ukun nan wanne za ka fara gwadawa, kuma don me?" Shi kuwa mai shirun yana gefe, kansa a sunkuye wajen injin. Da ka juya neman sukudireba na ga ya ɗora yatsa a kan wata ƙaramar roba da ta tsage tana zuƙar iska, kakkarwar ta ragu, ya cire yatsan ta dawo. Bai ce uffan ba. Ya gano ciwon, yana jira ya tabbatar, kai kuma ka riga ka wuce.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. Tun 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Carl Jung, ya yi rubutu a kan masu karkata waje, ga jama'a da hidima, da masu karkata ciki, ga tunaninsu. A 1967 Hans Eysenck a Ingila ya kawo nasa bayanin: ƙwaƙwalwar mai shiru dama a farke take sosai, ƙaramar hayaniya ta ishe ta, ta mai surutu kuwa sai an ƙara mata wuta take kai wa daidai. Kamar injin da silonsa, wato gudunsa in mota na tsaye, ke sama da wanda silonsa ke ƙasa. Amma kada ka raba mutane gida biyu, yawancinsu a tsakiya suke, kai ma kana ciki.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne na wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, da ta auna yadda malaman makaranta ke tambaya. Ta tarar ba sa jiran amsa fiye da kamar daƙiƙa ɗaya. Da aka sa su jira daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Kai ko daƙiƙa ɗayan ba ka ba mai shirun nan. Ka yi tambaya, ka ci gaba da goge hannunka, ka ƙirga biyar a zuci. Kuma kada ka tambaye shi a gaban mai mota.

Sai dai akwai inda shiru ba uzuri ba ne. In ana fitar da iska daga birki, ɗaya yana kujerar direba, ɗaya yana tsugune a gindin taya. Na ƙasa ya ce taka, taka, riƙe. Na sama dole ya amsa da ƙarfi, "Na riƙe!" Sannan a sassauta ɗan notin fitar da iska, man birki ya fito da kumfa, a ɗaure, a ce saki. In na sama ya ɗaga ƙafa shiru kafin a ɗaure, iska ta koma ciki, aiki ya dawo ɗanye. A nan ba ruwana da halin kowa, wanda bai buɗe baki ba, to ya sauko daga motar.

Batun fara aiki ba tare da an sa mutum ba, wannan daban yake da yawan magana. Na ga masu surutu ragwaye, na ga shiru-shiru masu zafin nama. Yaronka na farko ya haɗa surutu da zafin nama, shi ya sa ya burge ka. To amma irinsa ne ke ɗora sifana a kan fulogi bai fara murza shi da hannu ba, ya cinye zaren kan injin, ko ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, ko ya shige ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada ka kashe masa gwiwa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi kuma hannu irin nasa ba ya yawa a gareji. Shata masa iyaka kawai: wannan da wannan yi abinka, wancan kuwa sai ka kira ni. Na biyun tsoron ɓata kayan mutane ne ke riƙe masa hannu. Irinsa ba a ce masa "ka riƙa motsi mana." Ba shi aiki guda ya zama nasa, misali duk motar da ta shigo shi zai duba baƙin mai da ruwa da batir, ba sai ya nemi izini ba. In ya saba, ka ƙara masa wani.

Batun kasalar safe kuwa, kowa da agogon jikinsa, kuma na samari yakan ja baya, su yi ta ƙin barci da dare, abin ya kai maƙura wajen shekara 20 sannan ya fara dawowa. Makara ban yarda da ita ba. Amma ka lura da shi bayan ƙarfe uku, lokacin da mai surutun ya gama ƙona mansa yana hamma a kan benci, shi a lokacin yake zama da wayoyin mota awa biyu bai ɗaga kai ba. Abin da ke gajiyar da shi masu mota ne da cacar baki, abin da ke gajiyar da ɗayan kuwa zama shi kaɗai da mita a hannu.

Gobe akwai farar motar nan mai birki. Ka tura mai surutun ya tari mai ita ya ji ƙorafinsa, sannan ka sa shi a kujera. Mai shirun ya tsuguna a gindin taya, shi zai ba da umarni. Kai ka tsaya a bayansa, kada ka karɓe masa magana ko da muryar ta fito ƙasa-ƙasa.