Hukuncin Nazarin Waƙoƙin Yahudawan Andalus da Rera Su Bayan Sallar Dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai neman digiri na biyu a adabin Larabci, kuma bincikena ya shafi mawaƙan Yahudawan Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, da suka yi waƙa da Ibrananci a kan ma'aunan Larabawa. Ina karanta su ta fassarar Larabci, na kuma fara koyon harshen. Mahaifina, malamin zaure ne, ya ce haramun ne, ya kafa hujja da hadisin da Annabi (SAW) ya yi fushi da ya ga Sayyidina Umar riƙe da takardar Attaura, balle ga abin da ake yi wa Falasɗinawa. Akwai kuma doguwar waƙar Ibn Gabirol a kan kaɗaitakar Allah wadda ta shiga raina, har nakan rera baitocinta bayan sallar dare. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, koyon harshen halal ne, umarnin da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Zaidu ɗan Sabit na koyon rubutun Yahudawa ya wadatar. Nazarin waƙoƙin ma ya halatta gare ka, domin waƙa magana ce, mai kyaunta mai kyau ce, mummunarta mummuna ce. Inda hukunci ya sauya shi ne abin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, kuma zan zo gare shi.

Abin da kake nazari reshe ne na adabin Larabci ko da yake harshensa daban. Dunash ben Labrat ne ya ɗora Ibrananci a kan arulin Halilu, wato ma'aunan waƙar Larabci, a Kurɗuba cikin ƙarni na 10, kamar yadda malamanmu suka yi wa Fulatanci da Hausa daga baya. Isma'ilu Ibn Nagrila, wanda ya mutu a 1056, waziri ne ga sarakunan Garnaɗa Musulmi. Musa Ibn Ezra da Larabci ya rubuta littafinsa na fasahar waƙa, yana kawo misalai daga mawaƙan Larabawa har da ayoyin Alƙur'ani. Al-Harizi kuwa, wanda ya mutu a Halab a 1225, shi ya fassara Muƙamatul Hariri zuwa Ibrananci.

Ra'ayin haramci gaba ɗaya yana da masu shi tun da, Sakhawi ma ya yi wa Biƙa'i raddi saboda ciro nassoshin Attaura da Linjila a tafsirinsa, don haka mahaifinka bai zo da baƙon abu ba. Sai dai hujjar ba ta kai inda aka kai ta ba. Hadisin Umar akwai Mujalid ɗan Sa'id a isnadinsa, kuma an yi magana a kan hardarsa, ko da yake Ibn Hajar ya ce taruwar hanyoyinsa na nuna yana da asali. Mu karɓe shi a haka. Shi kansa Ibn Hajar a Fathul Bari ya rinjayar da a bambance wanda ƙafarsa ba ta kafu a imani ba, wanda bai halatta ya duba ba, da wanda ya kafu, wanda ya halatta masa, musamman idan buƙata ta kama. Wannan fa a kan littafin da masu shi ke cewa saukakke ne, inda ake tsoron mutum ya nemi shiriya a wurin da aka cakuɗa gaskiya da ƙarya. Ƙasidar da mutum ya yi don yabon waziri ko makokin ɗan'uwansa babu wanda ya ce wahayi ce. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya nemi Sharid ya rera masa waƙoƙin Umayya ɗan Abis Salt, wanda ya mutu bai musulunta ba, yana cewa ya ƙara har aka kai baiti 100. Lamiyyar (ƙasida mai ƙafiyar lam) da ake jingina wa Samau'al Bayahude tana cikin Hamasa, kundin waƙoƙin Larabawa da Abu Tammam ya tara, malamai sun yi ta sharhinta ƙarni bayan ƙarni, babu wanda ya ce a yage shafin.

Batun Falasɗinu kuwa zafinsa yana zukatanmu duka, amma ba illa ce ta shari'a da za ta haramta karanta mutumin da ya mutu ƙarnuka kafin a yi zaluncin ba. Yehuda Halevi, mai waƙoƙin begen Ƙudus, ya mutu a 1141, lokacin birnin yana hannun mayaƙan Salibiyya, Kiristocin Turai, kuma tsakaninsa da 1948, shekarar da aka kafa Isra'ila, akwai shekara sama da 800. Allah ya hana mu barin adalci saboda ƙin wasu mutane. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne masu sharhi na zamani, domin 'yan Sahayoniyya sun ɗauki waƙoƙin Halevi sun yi musu fassarar siyasa, kada ka kwashi wannan fassara ka zuba a kundinka ba tare da ka gane daga ina ta fito ba.

Yanzu ga batun rerawa. Waƙar da kake nufi, Keter Malkut, ba ta tsaya a matsayin adabi ba, Yahudawa da yawa sun shigar da ita ibadarsu ta ranar Yom Kippur, babbar ranar tubarsu. Farkonta tsarkake Allah ne da lafuzzan da kunnen Musulmi ba zai ƙi ba, shi ya sa ta kama ka, amma tsakiyarta an gina ta ne a kan falsafar Yunanawa ta falakai da gangarowar halitta mataki-mataki, wadda malaman tauhidi suka daɗe da yi wa raddi. Idan ka zauna a kan buzunka, da alwala, bayan ka yi sallama, kana rera ta da taushin zuciya, ka fita daga nazari ka shiga ganawa da Ubangiji da addu'ar wani addini. A nan ne hadisin da mahaifinka ya kawo yake da mazauni. Wannan bai halatta ba, ka daina daga yau. Sallolinka sun inganta, ba ka fita daga Musulunci ba, istigfari ya ishe ka, kada Shaiɗan ya buɗe maka ƙofar waswasi. Abin da kake nema na yabon Allah cikin dare yana cikin addu'ar tahajjud da Ibn Abbas ya ruwaito, «Allahumma lakal hamdu anta nurus samawati wal ardi», ka hardace ta har ƙarshe. Ita waƙar kuma ka bar ta a teburin karatu.

Ina jin daga wasiƙarka cewa ƙarfinka a adabi ya fi ƙarfinka a aƙida, don haka ka nemi malami ka sauke littafin tauhidi a gabansa kafin ka kusanci littafin Kuzari na Halevi, wanda ya rubuta don fifita Yahudanci a kan sauran addinai. Baitocin giya da begen samari, waɗanda suke da yawa a wannan adabi kamar yadda suke a na Larabawan zamanin, ka kawo gwargwadon abin da bincike ke buƙata, kada ka fassara su zuwa Hausa ka watsa a Facebook.

Mahaifinka kuwa, kada ka kai masa wannan amsa a matsayin makamin kayar da shi. Ka durƙusa ka gaya masa ka daina rerawar, domin a wannan ya fi ka gaskiya, sannan ka nuna masa yadda aka fassara Hariri, ka bar shi ya yi tambaya. Idan duk da haka ya dage, kuma jami'a za ta yarda ka sauya batu ba tare da ka yi asarar karatunka ba, to ka sauya, domin wannan bincike mubahi ne, biyayyarsa kuwa wajiba ce. Idan sauyawar za ta rushe karatun, ka sa wani dattijo da yake jin maganarsa ya shiga tsakani. Wallahu a'alam.