Ka fara tambayar teku tukuna

Kai yaro, ka ce ka ɗora hoton tauraron ɗan'adam na 2016 a kan na bana, ka ga itatuwan bakin ruwan Anyanui, can gaɓar tekun Ghana, sun ragu, wai ko ka aika wa wanda ya ba ka aikin haka? Dakata. A ranakun da aka ɗauki hotunan nan, teku a cike take ko ta janye? Na san ba ka duba ba.

Ɗanyen ganye yana mayar wa tauraron ɗan'adam wani haske da ido ba ya gani, ruwa kuwa haɗiye shi yake yi. Idan teku ta cika ta shanye ƙananan itatuwa, kwamfuta sai ta ce nan ruwa ne. Gyaran hazon hunturu da cire gajimare daga hoto ba zan ɓata yawuna a kansu ba, ɗan koyon wata uku ma ya sani.

Abin nan ya taɓa cina a 2006. Wani mutum mai ƙungiya ya zo shagona a unguwar Nima ta Accra, da kwat da turare, yana son taswirar dajin bakin ruwan nan daga garin Ada zuwa Keta. Lokacin hoton tauraron Landsat saye ake yi, sai 2008 aka sake shi kyauta. Da kuɗin aljihuna na saya. Ga Landsat 7 ya samu matsala tun 2003, hoton duk zane-zane kamar bayan jakin dawa, na kwana uku ina cike gurbi. Lissafi ya fito da asarar itatuwa mai tayar da hankali, na miƙa masa daftari. Amma raina bai kwanta ba. Na hau mota har Ada, na yi hayar kwalekwale. Wurin da taswirata ta ce ƙurmus, ga itatuwa tsaye har ƙirjina, kaguwa na yawo a saiwarsu. Inda ta ce daji ne lafiyayye kuwa, masu ƙyafe kifi sun sare tuntuni, ciyawa ce ta rufe wurin. Na dawo na gyara. Buɗar bakin mutumin sai ya ce na farkon ya fi masa, don babbar asara ce ke sa Turawa su buɗe jaka. Ya tafi da taswirar ƙarya, sunana a gindinta, cikon kuɗina kuma har yau. Allah ya isa!

Ku yanzu kuna da tauraron Sentinel-2, ɗigo ɗaya na hoto mita 10 a ƙasa, sabon hoto duk kwana 5, kyauta. Mu da mita 30 muka yi fama, kwana 16 muna jira, gajimare ya zo ya rufe. Duk da haka ɗayanku ba ya son taɓo ya taɓa masa kambas, sai latsa waya.

Nemo jadawalin cikar teku na tashar jiragen ruwa ta Tema, ka zaɓi hotuna biyu na wata iri ɗaya, na 2016 da na bana, duka ruwa a janye. Asabar bayan asuba mu haɗu a tasha, kuɗin kwalekwale kai za ka biya.