Tambaya da Amsa: Ƙungiyar Haziƙan Ɗalibai

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata kwaleji a nan Kano, kuma muna son kafa ƙungiyar haziƙan ɗalibai. Wane tallafi za mu nema wurin shugaban kwalejin?

Amsa: Malama, a Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Phi Theta Kappa, wadda aka kafa a 1918 domin zaƙaƙuran ɗaliban kwalejojin shekara biyu, kuma kowane reshenta yana da malami mai ba da shawara. Ku fara da neman a naɗa irin wannan malami a rubuce, a kuma rage masa darussa. Sai ɗakin taro, da biya wa marasa hali kuɗin rajistar shiga ƙungiyar. A ganina, zuwan shugaban da kansa ranar karɓar sababbin mambobi ya fi kuɗin ma tasiri.