Filin Tambayoyinku: Ba a Jin Ƙamshin Turare ta Waya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Zariya, albashina dubu 80. Shekara biyu ke nan ina 'yar sana'a a gefe. Ina haɗa turaren wuta da humra, ina daka yaji, wani lokacin kuma in saro atamfa da mayafai daga Kantin Kwari. Kullum da dare in na kwantar da yara sai na yi wajen awa biyu a TikTok da Instagram, in ɗauki bidiyo, in gyara, in amsa masu tambaya. Mabiyana sun haura 9,000. A watan jiya har dubu 15 na biya wani babban shafi ya tallata ni. Amma in wata ya ƙare, abin da nake gani bai wuce dubu arba'in da 'yan kai ba. Ga gajiya, ga maigida ya fara cewa wai waya na aura. Ƙawata ta ce wayata ce ba ta da kyau, in sayi mai kyamara da fitilar nan mai zagaye. In ƙara kuɗi a tallar ne, ko in haƙura da sana'ar?

Malamar makaranta, Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki sayi waya. Fitilar ma bar ta a shago tukuna.

Masu karatu, kafin in rubuta amsar nan sai da na koma wa malamar, na ce ta zauna ta rubuto mini abu uku a kan kowane ciniki da ta yi cikin wata biyu: wa ya saya, ta ina ya san ta, nawa ta ci riba. Ta ce ai ba ta da littafi. Na ce to ga ciwon farko an gano. Kwana huɗu ta yi tana bin hirarrakin WhatsApp da saƙonnin alat kafin ta haɗo lissafin, kuma da izininta nake baje shi a nan.

Ribar wata biyun dubu 118 ce kafin a cire kuɗin data da na talla. A ciki, dubu 54 daga oda uku kacal ta fito, turaren amare, kuma duk ukun wata mai ƙunshi ce a unguwarku ta turo miki su. Da haɗa turaren, da zuba shi a kwalabe, da kaiwa, kin ce bai fi awa 12 ba. Wato kowace awa ta ba ki naira 4,500. Dubu 46 kuma daga malamai 'yan'uwanki, da iyayen yara, da maƙwabta masu ganin sitatus ɗinki, a awa kamar 30. Nan ma awa ta kawo wajen 1,500. Ragowar dubu 18 ita ce ta TikTok da Instagram, inda kika zuba awa 120.

Raba da kanki, ai ke malama ce. Naira 150 a awa. Aikin ajinki, in muka ce awa shida a rana, kwana 22 a wata, kusan naira 600 yake biyan ki a awa. To kuma ba mu cire komai ba tukuna. Data ta ci dubu 16 a wata biyun, abin da ba zai ba kowa mamaki ba tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ko da mun yi adalci mun ce rabin datar WhatsApp ne ya sha, dubu 8 da dubu 15 na shafin nan sun zama 23. Kin samu 18, kin kashe 23. Biya kike yi don a kalle ki, sannan ki ƙara da barcinki a matsayin gyara.

Ita kuwa matar da ta kawo miki kusan rabin ribarki, na tambaye ki yaushe rabon ki da zuwa gidanta, kika ce tun sunan 'yarta.

Ba dariya nake miki ba, don ni ma na yi irin wannan wautar tun ban kai shekara goma ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a cikin gida, ni ce 'yar tallarta in an taso daga allo. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma bayan ƙyauren ɗakinta duk zanen gawayi ne, kowane mai saye da layinsa, kowace kwalbar mai da ɗigonta. Ni kuwa ba abin da nake so kamar in kai farantina bakin makarantar firamare, saboda nan ne ake yanyame ni. Yara ashirin a kaina, wannan ya taɓa, wancan ya ce a ɗanɗana masa, in dawo gida murya a dishe da 'yan sulalla a ƙullin zane. Sai ta dube ni ta ce, "Kin je wurin mai tsire?" In ce ban kai ba. Mai tsiren nan shi kaɗai yake kwashe rabin faranti don yajin namansa, kuma kafin la'asar yake so, in aka makara ya saya a wurin wata. Ranar da ta gaji da ni, da kanta ta tsara mini hanya: mai tsire tukuna, sai gidajen da ke karɓar mai duk Juma'a, in rana ta rage in je in yi hayaniyata da yara. Mabiyanki 9,000 su ne yaran bakin makarantar. Taron tsintsiya ne, ba shara.

Akwai kuma dalilin da ya sa sana'arki musamman ba ta yin ƙarfi a can. Mai sayar da takalmi ko jaka hoto ya ishe ta, ido ne ke saye. Turare hanci ke sayen sa. Komai kyan bidiyonki, hayaƙi kawai ake gani yana tashi daga kasko, kuma hayaƙin hawi mai tsada da na icen banza duk kamarsu ɗaya a waya. Baƙuwa a Yola ko Legas da ba ta taɓa shinshina kayanki ba, ga tsoron 'yan damfara, ga kuɗin mota da tun cire tallafin mai a Mayun 2023 yake neman kamo kuɗin ƙaramar kwalbar kanta, me kike tsammani? Za ta rubuto "nawa?", ki bar abin da kike yi ki amsa, ta ce "zan dawo". Kin san inda masu "zan dawo" suke zuwa.

Saboda haka kai tallarki inda hanci yake. Asabar mai zuwa ki shirya ki je gidan mai ƙunshin nan da tukuici a hannu, ku yi magana baki da baki a kan la'ada. Ki yanka mata abin da za ta samu a kan kowace amarya, ko kashi 10 ne na cinikin, ki riƙa tura mata a ranar da aka biya ki ba sai ta tambaya ba. Mutum in ya ga alat ba ya mantuwa. Sannan ki bar mata kwalba guda ta riƙa sawa a kasko tana aiki. Ki tuna yadda ɗakin ƙunshi yake: amarya zaune awa uku, hannu da ƙafa duk cikin lalle, ba damar tashi, ba damar taɓa waya, ƙawayenta biyar a gefe, uwar biki tana shiga tana fita. Ƙamshi ya cika ɗaki, dole wata ta ce, "Wai wannan na wace ce?" Babu shafin da zai sayar miki da irin wannan tallar a dubu 15. In wannan ya kankama, ki nemi wasu biyu ko uku, mai dilka da halawa, da telar da ke ɗinka kayan lefe. Kada su wuce abin da za ki iya zagayawa a yini ɗaya.

Su kuwa tsofaffin kwastomominki, kin sakar wa sitatus su, shi kuma bayan awa 24 ya ɓace, wadda ta gani ta gani. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, yana ba ki damar liƙa wa kowace lamba alama. Ki rubuta ranar da kowacce ta saya. Ke kika fi kowa sanin kwanakin da kwalba ke yi kafin ta ƙare. In lokacin ya matso, kuma ki daidaita shi da makon albashi, ki aika mata ita kaɗai: "Hajiya ina wuni, ya yara? Na ce ko turaren ya kusa ƙarewa, ina haɗa sabo ranar Lahadi." Ba saƙon da aka watsa wa mutum ɗari ba, mata suna gane shi. Minti ashirin a rana ya ishe ki, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Ban ce ki rufe TikTok ba. Yana da amfani ɗaya: amaryar da mai ƙunshi ta ba lambarki za ta leƙa ta ga ko da gaske kike. Bidiyo biyu a mako sun wadatar, ki ɗauke su a zama ɗaya ranar da kike haɗa turare, tunda dama aikin kike yi. Ki sa farashi a jiki don masu "nawa?" su huta ke ma ki huta. Duk sabuwar da ta saya ki tambaye ta inda ta gan ki, ki rubuta. Bayan wata uku ki sake raba kuɗi da awa kamar yadda muka yi. In alƙalumanki sun ƙaryata ni, ki rubuto, zan buga.

Atamfa ce ban gamsu da ita ba. A lissafinki kusan duk bashi ne, biya biyu, biya uku, wata har ta shiga wata na huɗu. Kafin ki gama tattara kuɗin, farashi ya motsa a Kwari, sai ki tarar uwar kuɗi da ribar duka ba su sayi turmin da kika sayar ba. Ki daina sarowa ki ajiye. Mai so ta zaɓa, ta ba da rabi, sannan ki aika a kawo. Yaji kuwa ribarsa ba yawa, amma shi ke sa a ƙwanƙwasa miki ƙofa duk wata. Ki ci gaba da shi, sai dai ki daina daka a turmi, ki kai inji sau ɗaya a wata.

Ki kuma kula da kalanda. Bukukuwa sun fi yawa gab da azumi, da bayan sallah, da hutun ƙarshen shekara. Wata guda kafin nan ne za ki zage ki zagaya masu ƙunshinki da jari a hannu. Makon jarrabawa da cike sakamakon yara kuwa ki sassauta, don har yanzu albashin nan ya kusa ninka abin da sana'ar ke ba ki, kuma masu makarantun kuɗi ba sa jinkirin sallamar malamar da aka kama tana ciniki a aji. Maigida kuma ki ba shi haƙuri, yana da gaskiya.

TAMBAYA

Hajiya, ni ma'aikacin gwamnati ne a Gombe, ina kiwon kajin gidan gona 200 a bayan gida. Matsalata in sun isa sayarwa sai in rasa masu saye, in yi ta sa hotuna a Facebook. Ina tunanin ware dubu 10 duk wata don tallar Facebook. Sannan wani abokin aikina ya ce doka ma ta hana mu kasuwanci.

Mai kiwo, Gombe

AMSA

Malam, abokin naka bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa ba. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, sai dai ya keɓe aikin gona. Da shago ka buɗe da sai mu yi wata maganar.

Dubu goma duk wata kuwa ban ga dalilinta ba. Kana da kaya ne mako ɗaya ko biyu a cikin wata biyu, sauran kwanakin me za ka tallata, 'yan tsaki? Kuskurenka lokaci ne. Kazar nan mako shida zuwa takwas take isa, daga nan duk buhun abincin da ta ci daga ribarka ta ci. Ranar da ta isa ba ranar fara neman mai saye ba ce. Tun suna mako uku ka ɗauki yamma biyu bayan an tashi daga ofis, ka zagaya masu gasa kaza da gidajen abinci da ke kusa da kai, ka ji nauyin da suke so da farashinsu, ka sa rana da su. Mutum uku masu ɗaukar hamsin-hamsin sun gama maka da 150. Ribar kowace kaza za ta ɗan yi ƙasa da ta sayar da ɗai-ɗai, amma ka tsira da abincin mako biyu. Hamsin ɗin da suka rage ka sayar wa 'yan ofis da maƙwabta a farashi mai kyau.

Ka riƙa ƙirgawa da baya daga ranar kasuwa. Ƙaramar sallah ta kaji ce, don haka 'yan tsakinka su shigo a farkon Sha'aban. Na Kirsimeti su shigo a farkon Nuwamba, kuma a Gombe kana da masu sayen su. Babbar sallah kuwa kowane gida nama ya yi yawa, kada kajinka su isa a makon. In har sai ka biya Facebook, to a kwanaki goman ƙarshe kafin waɗannan ranakun ne, ka taƙaita tallar ga cikin garin Gombe, ka sa farashi da lambar waya a jikin hoton.