Rikicin shugabanci a rediyon unguwa

Malam, ka ce kwamitin amintattu da manajan tasharku sun raba gari, kowa na cewa shi ke da iko, kana tambayar mafita. Ku fara duba takardun rajistarku na CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Lasisin rediyon unguwa da NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, ke bayarwa na ƙungiyar al'umma ne. Wanda ya sayi janareta ko ya ba da ɗaki bai zama mai tashar ba, kuma galibi nan rigimar ke farawa.

A Kano kuwa, da zaɓe ya matso sai 'yan siyasa su shigo da kuɗin talla, kowane ɓangare ya samu ubangida. Ku kira babban taron mambobi, a karanta asusu a bainar jama'a. Mai unguwa ya zauna a matsayin shaida kawai.