Harawar da ta yi fumfuna: shanya ta a rana na kawar da gubar?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ruwan sama ya shiga ɗakin da nake ajiye harawa da dusa, wasu dammuna suka yi fumfuna. Na fito da su na shanya kwana uku har warin ya tafi. Zan iya ba shanuna? Biyu daga cikinsu ana tatsarsu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ba su, musamman biyun nan da ake tatsa. Rana tana busar da fumfuna ta hana ta yaɗuwa, amma ba ta isa ta kawar da gubar da fumfunar ta riga ta zuba cikin abincin ba. Wari ya tafi, guba tana nan. Ko dafawa ba ta kashe ta.

Mafi haɗari a cikin irin wannan guba ita ce afulatoksin, wadda fumfunar da masana ke kira Aspergillus flavus ke samarwa a masara, gyaɗa da irin auduga idan zafi ya haɗu da laima. An gano ta ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talo-talo sama da 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Burazil. Hanta gubar ke fara kamawa. Dabba ta rage cin abinci, ta rame, nono ya ja baya, cuta kaɗan ta kayar da ita. Sau da yawa mai kiwo sai ya yi ta sayen maganin tsutsa, alhali matsalar tana cikin kwamin abinci.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne nonon. Idan saniya ta ci gubar, hantarta tana juya wani kaso ya koma nau'in da ake kira M1, kuma cikin kwana guda ya fara fitowa a nono. Tafasa nonon ba ya raba shi da ita. Afulatoksin tana jawo sankarar hanta ga ɗan Adam, ga shi yara ne suka fi shan nono. Shi ya sa Amurka ta ƙayyade cewa gubar da ke cikin abincin shanun tatsa kada ta wuce kashi 20 cikin biliyan ɗaya, a nono kuma kashi 0.5, yayin da Tarayyar Turai ta tsananta ta ce 0.05 a nono. Ka ga adadi ne da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa. Idan har shanunka sun riga sun ci, janye abincin yau. Cikin 'yan kwanaki nonon yakan koma daidai.

Akwai wasu gubobin daga fumfunar Fusarium, ɗaya na dagula haihuwa, wata na lalata ƙwaƙwalwar doki. Gaskiya ne tumbin babbar saniya yana rage ƙarfin wasunsu, amma 'yan maruƙa da kaji ba su da wannan juriyar, masu ciki ma suna cikin haɗari, don haka kada ka ce bari ka juye musu abin da shanu suka bari.

Dusar da ta jiƙe ta dunƙule, zubar da ita duka, don ita ta fi harawa saurin ɗaukar afulatoksin. Dammunan da suka yi fari-fari ko kore-kore ka ƙone su ko ka binne, har da na kusa da su. Rufe hancinka lokacin kwashewa, ƙurar tana cutar da huhu. Kada kuma ka gauraya mai kyau da maras kyau da nufin ragewa. Sauran da ruwa bai taɓa ba, ɗora su kan katako nesa da bango, inda iska ke ratsawa, bayan ka gyara rufin.

Ana sayar da wani garin yumɓu, bentonayit, da ake zubawa a abinci don ya riƙe afulatoksin a hanji. Yana taimakawa, sai dai ba ya kama gubobin Fusarium sosai, kuma ba ya mayar da ruɓaɓɓen abinci mai kyau. Idan kana shakkar ragowar, ɗebi kaɗan-kaɗan daga wurare da yawa, sama da ƙasa da tsakiya, domin gubar ba ta bazuwa daidai, ka haɗa ka kai wa likitan dabbobi ya tura ɗakin gwaji.